'Yata ta ce tattalin arzikin lafiya za ta karanta

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana aji uku a sashen tattalin arziki na Jami'ar Bayero. Mahaifinta likitanci ya so mata. Yanzu ta ce bayan digiri za ta bi layin tattalin arzikin lafiya har ta zama malamar jami'a. Don Allah, ina ruwan masanin tattalin arziki da asibiti?
Wata uwa daga Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Likita yana duba wanda ya iso gabansa ne. To, wanda bai iso ba saboda kuɗin kati fa, ko wanda aka rubuta wa magani ya ninke takardar ya sa a aljihu? Irin waɗannan mutanen ne 'yarki take hange, kuma ni ina bayanta.

Ki ba ta labarin Amy Finkelstein, farfesar tattalin arziki a jami'ar MIT da ke Amurka. Ta yi digirin farko a Harvard a 1995, na biyu a Oxford, ta kammala na uku a MIT a 2001. A 2008 jihar Oregon ta Amurka ta so ƙara talakawa cikin inshorar lafiya ta gwamnati, amma guraben kusan 10,000 ne, masu nema kuwa kusan 90,000. Sai aka jefa ƙuri'a. Ita da abokan aikinta suka bi sawun waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ta tsallake. Masu inshora sun fi zuwa asibiti, bashin magani ya ragu, ciwon damuwa ma ya ragu, amma cikin shekara biyu ba a ga wani sauyin a-zo-a-gani a hawan jini ba. Wannan na ƙarshe bai yi wa magoya bayan shirin daɗi ba, duk da haka ta wallafa shi. Abin da ya fi burge ni da ita ke nan. A 2012 ta sami lambar yabo ta John Bates Clark, wadda ake ba fitaccen masanin tattalin arziki ɗan ƙasa da shekara 40 a Amurka.

Mu nan, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, alhali har gobe yawancin kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita. Muna bukatar masu auna ko dokar tana aiki.

Hanyar dai doguwa ce, Hajiya, kuma albashin jami'a ba ya gina bene. Ta riƙe lissafi da ƙididdiga da hannu biyu, don su ake fara dubawa wajen neman digiri na biyu. Binciken kammala digirinta kuma ta yi shi a kan abin da haihuwa ɗaya ke cin iyali a Gusau, daga kuɗin mota har na jini.