An ce inshorar lafiya ta zama dole: ina makomar wanda ba ya ɗaukar albashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a Kano, ina da mata da yara biyar, ga mahaifiyata mai hawan jini tana hannuna. Na ji a rediyo an sauya dokar inshorar lafiya, wai yanzu dole ne kowa ya shiga. Amma maƙwabcina ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya daɗe da kati, kuma kusan kullum sai ya dawo daga asibiti da takarda a hannu ya wuce kemis. To me ya canza? Ni da ba ni da albashi ta ina zan shiga, kuma da gaske zai rage mini kashe kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri kan riƙon da kake mata.

Abin da ka ji gaskiya ne. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta rushe tsohon shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA. Tsohon shirin an yi dokarsa tun 1999, ya fara aiki a 2005 zamanin Obasanjo, kuma shiga cikinsa ganin dama ne. Shi ya sa ya shekara goma sha bakwai yana zagaye wuri guda, akasarin masu cin moriyarsa ma'aikatan gwamnatin tarayya ne irin maƙwabcinka: mutum ɗaya, matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Tela, manomi, mai shayi da ɗan adaidaita duk suna waje. Sabuwar dokar ta wajabta inshora a kan kowane mazaunin Najeriya, ta ɗora wa jihohi nauyin tafiyar da nasu shirin, sannan ta tanadi asusu na musamman da zai biya wa marasa galihu, waɗanda gwamnati ta ƙiyasta sun kai miliyan 83.

Kada kalmar “dole” ta tayar maka da hankali, ba wanda zai zo shagonka ya kama ka don ba ka da kati. A 2025 hukumar da kanta ta ce masu rajista sun kai wajen miliyan 20, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Har yau sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Wannan adadin na gan shi da idona ba sau ɗaya ba. Na taɓa tsayawa a bakin tagar biyan kuɗi ta wani asibiti, wata dattijuwa ta kwance bakin zaninta ta ƙirga 'yan canjin da ke ciki sau biyu, sannan ta miƙa takardar ta ce a cire mata rabin maganin, sauran sai ranar kasuwa idan an sayar da akuya. Jikanta ne a kwance. Rabin magani kuwa sau da yawa yana nufin ciwon zai dawo da ƙarfinsa.

Yanzu batun maƙwabcinka, domin nan ne gizo ke saƙar. Asibitin da ya zaɓa ba a biyansa bisa yawan zuwan da ya yi. Kamfanin da ke tsakanin hukumar da asibitin, wanda ake kira HMO, yana tura wa asibitin wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mutum da ke cikin rajistarsa, ya zo ko bai zo ba. Daga wannan kuɗin ne za a duba shi, a yi masa ƙananan gwaje-gwaje, a ba shi magani, shi kuma ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin. Tsarin yana da hikima, domin masu lafiya ne ke ɗauke wa marasa lafiya nauyi. Sai dai an shafe shekaru kuɗin yana kan naira 750 ga kowane mutum a wata. Ka yi lissafi irin naku na masu sana'a: asibiti mai mutum 1,000 zai karɓi naira 750,000 a wata. Cikin mutum dubun nan akwai masu hawan jini da masu ciwon suga da ba sa fashin karɓar magani, ga zazzaɓin cizon sauro idan damina ta kankama. Da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin kuwa yana nan inda yake. Kai ma idan aka yanke maka kuɗin ɗinki tun shekarun baya, zare da yadi suka ninka, ko dai ka ƙi karɓar aikin ko ka rage masa inganci. Haka asibitoci da yawa suka yi, suka koma cewa “babu” ga mai kati. Ba na wanke su, domin akwai waɗanda maganin na nan a kanta suke ɓoye wa mai biya nan take, kuma wannan zalunci ne. Amma tushen matsalar kuɗin ne ba ya isa, wani lokaci ma ba ya zuwa a kan kari.

An taɓa wannan ɓangaren. Hukumar NHIA ta ƙara kuɗin a 2024, ta sake ƙarawa a 2025 har ya kusa ninka na da, ta kuma ɗaga abin da ake biya kan manyan ayyuka irin su tiyata. Ta umarci kamfanonin HMO su riƙa ba da lambar amincewa cikin awa ɗaya idan za a tura majinyaci babban asibiti, abin da a da kan cinye wa mutum yini guda yana zaune a benci da ciwo. A ganina waɗannan gyare-gyaren sun fi kalmar “dole” amfani nesa ba kusa ba. Ka gaya wa maƙwabcinka yana da haƙƙin kai ƙorafi ofishin NHIA na jiha, kuma yana iya neman a sauya masa asibiti.

Kai kuma ƙofarka ta farko ita ce Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano, wato KSCHMA, da aka kafa bisa dokar jiha ta 2016. Tana da tsarin masu zaman kansu, inda ake biyan kuɗin shekara a kan kowane mutum. NHIA ma tana da irinsa mai suna GIFSHIP, na mutum ɗaya, na iyali ko na ƙungiya. Idan kuna da ƙungiyar teloli ku shiga a tare, domin asibiti ya fi jin maganar mutum ɗari da ta mutum ɗaya. Sunan “taimakekeniya” ma ba haka kawai aka zaɓe shi ba. Mutanenmu da yawa suna ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da garari (rashin tabbas a ciniki), kuma manyan majalisun fiƙihu sun bambanta inshorar kasuwanci da asusun da jama'a ke tarawa don tallafar juna, suka halatta na biyun.

Ƙofa ta biyu kyauta ce, amma ƙunci gare ta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Da shi ake yi wa mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da matalauta rajista a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa. Guraben ba su kai yawan mabuƙata ba, ko kusa. Duk da haka ka je wurin shugaban asibitin mazaɓarku da lambar NIN ta Hajiya da ta ƙananan yaran, ka tambaya ko ana ɗaukar sababbi. Idan mai ɗakinka ta samu ciki, ka sani cewa a Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin tabbatacciyar hanyar cika asusun marasa galihun nan da sabuwar dokar ta tanada. Gana ta yi dokarta a 2003 zamanin Shugaba Kufuor, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan saye da sayarwa musamman don inshorar lafiya, shi ya sa ta yi mana nisa wajen yawan masu kati, duk da su ma asibitocinsu na kukan jinkirin biya. Mu kuwa a Abuja aka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya tun 2001, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Zai rage maka kashe kuɗi? Ga Hajiya, wadda ke shan magani kullum kuma take buƙatar awon jini da gwajin ƙoda lokaci-lokaci, amsata e, kuma da ita zan fara in ni ne kai. Sai mai ɗakinka, sai ƙananan yaran. Biya wa mutum takwas a tashi ɗaya nauyi ne ga mai sana'ar hannu, don haka ka bi shi daki-daki, ka ware wani abu daga cinikin ɗinkin sallah. Ka sani kuma katin ba ya ɗaukar komai da komai: manyan jinya irin wankin ƙoda da ciwon daji ko dai a ɗauki wani ɓangare ko a bar maka. Sannan ba ya fara aiki ranar da ka biya, akwai lokacin jira, saboda haka kada ka bari sai ciwo ya kwantar da mutum.

Kafin ka ba da ko kwabo, ka je asibitin da kake son zaɓa da safe, ka zauna kusa da tagar karɓar magani na rabin awa, ka tambayi mutum biyu ko uku masu kati ko ana ba su magani a nan ko ana tura su waje. Ka tafi da kwalayen magungunan da Hajiya ke sha, ka nuna wa mai ba da magani, ya faɗa maka waɗanda ke cikin jerin da shirin ke biya da waɗanda za ka ci gaba da saya da kanka.