Ina son haɗa manhajar yoga da Hausa saboda mahaifiyata, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta kimiyyar kwamfuta, kuma na ɗan iya Flutter, wato kayan aikin haɗa manhajar waya. Mahaifiyata tela ce, ta shekara ashirin tana taka keke, yanzu ciwon baya ya sa ta a gaba. Likita ya ce ta riƙa motsa jiki, har ya ambaci yoga. To duk manhajojin da na sauke da Turanci suke, ga cin data, ga shigar matan ciki ba irin wadda Mama za ta yarda ta kalla ba ce. Ina son in haɗa tamu da Hausa. Ta ina zan fara? Kuma ba za a ce na kawo wa mutane addinin Indiyawa ba? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba Mama lafiya, ke kuma Ya yi miki albarka.

Kada ki buɗe kwamfuta tukuna. Shiga ɗakin Mama, ki shimfiɗa tabarma a ɗan filin da ke tsakanin gado da keken ɗinki, ki ajiye waya a ƙasa. Durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu, ki sunkuyar da kai. To, gwada kallon allon wayar. Za ki ga sai kin murɗa wuya, kuma da kin murɗa shi tsayuwar ta ɓaci. Duk sauran shawarwarina daga wannan tabarmar suka fito: mai yin yoga hannunta ba ya kan waya, idonta ma ba ya kai. Kunnenta kaɗai ya rage miki, don haka murya ce jigon aikin, hoto ɗan rakiya ne.

Muryar kuma ta mutum za ki ɗauka, ba ta na'ura ba, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma tsohuwa tana jin an karya mata kalma za ta cire rai. Nemi mace mai nutsattsiyar murya, ku shiga ɗaki mai labule da katifa da dare, bayan an kashe janareto. Ga irin abin da za ta faɗa: "Tafin hannu a saitin kafaɗa, gwiwa a saitin ƙugu. Ja numfashi ta hanci, ki gantsare a hankali. Fitar da shi, ki tura gadon bayanki sama kamar kyanwa ta tashi daga barci." Sai ta yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da sababbin hannu suka fi mantawa da shi. In ba a bar wa mutum sarari ya ja numfashi uku ko huɗu ba, tsere zai riƙa yi da muryar. Akwai kuma abin da mai haɗa manhaja da Turanci ba ya fama da shi, wato "ki" da "ka". In maza za su shigo, ko dai ki ɗauki murya kashi biyu, ko ki koma "a ja numfashi, a saki kafaɗa". Ni dai tunda mata kika nufa, ki tsaya a kan "ki". Ya fi shiga rai.

Wannan zaɓin zai warware miki matsalar data ma. Bidiyon minti 10 mai kyan hoto kan iya haura megabayit 100, amma muryar minti 10 da aka matse da tsarin Opus ba ta cika megabayit 2 ba. Maimakon bidiyo, sa mai zane ya zana miki mace cikin riga da wando mai faɗi, zane biyu ko uku ga kowace tsayuwa. Kin ga batun shiga ya kau ke nan. Ki cusa komai cikin manhajar tun wajen saukewa, ta yi aiki ko babu intanet, kuma kada ki tambayi imel ko lambar waya kafin a shiga. Gwajinki ki yi shi a ƙaramar itel ko tsohuwar Tecno mai ƙwaƙwalwar gigabayit 2, ba a wayarki ba. Allo kada ya mutu ana tsaka da darasi, madannin tsayawa ya zama ƙato yadda za a taɓa shi ko da gefen hannu, in kira ya shigo murya ta dakata ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kuma tunda a nan ta Xender aka fi tura wa juna manhaja, ki fitar da fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhaja, guda cikakke wanda zai hau kowace wayar Android.

Sai tambayarki ta biyu, wadda na fi so ki ba lokaci. Kada ki ɓoye asalin abin. Yoga daga Indiya ta fito, sunanta daga harshen Sanskirit ne, kuma tana da saiwa a addinin Hindu. Akwai furucin "Om" da ake rerawa, akwai jerin motsi 12 da ake kira Surya Namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana. Mai gudun wannan ba jahilci ke damunsa ba. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan bauta da ke cikinta. A 2009 majalisar malamai ta Indunusiya ta haramta mai haɗe da rera addu'o'in Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa a 2017 ta amince da koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki. Ni ba malami ba ne, fatawa ba tawa ba ce. Abin da zan ce a matsayin mai tsara manhaja shi ne: cire rerawa, cire gaisuwar rana, cire haɗa tafin hannu a ƙirji, ki sa wa kowane motsi sunan Hausa mai bayyana abin da jiki ke yi, kamar miƙar kyanwa ko gada. A shafin farko ki rubuta a fili inda motsin ya samo asali da abin da kika cire. Sannan ki kai wa malamin da Mama take jin maganarsa ya saurari darasi guda daga farko har ƙarshe. Gara ki ji gyaransa a zaure da ki ji shi bayan manhaja ta bazu.

Lafiya ma ba fanninmu ba ce, ni da ke. Gaskiya ne a 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians a Amurka ta sa yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa ga daɗaɗɗen ciwon baya kafin magani, amma ba kowane ciwon baya ba ne. In ciwon yana sauka ƙafa da sanyin jiki ko rashin ji, ko fitsari na kufcewa, wannan na asibiti ne ba na tabarma ba, kuma dole manhajar ta faɗi haka da murya. Kai jerin motsinki sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ki roƙi likitan fisiyo ya duba ya soke abin da bai dace ba. Kafin darasin farko a yi tambaya uku ko huɗu: juna biyu, sabuwar haihuwa ko tiyata, hawan jini, hawan jinin ido. Mai ciwon idon nan ba a sa ta motsin da kai ke komawa ƙasa da ƙirji, domin yana ƙara matsi a cikin ido. Tsayuwa a kan ka kuwa kada ma ta shiga manhajar. Amsoshin su zauna cikin wayar mai ita, kada ki kwashe su zuwa ko'ina. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.

Za a ba ki shawarar sa kyamara ta riƙa gyara wa mutum tsayuwa, da irin su MediaPipe, wata fasaha mai bin wurare 33 a jikin mutum ta kyamara. Bar shi yanzu. Zani da doguwar riga suna rufe gwiwar da yake nema, ƙaramar waya za ta yi zafi, kuma matar aure ba za ta so kyamara a buɗe cikin ɗakinta ba.

Tunatarwa kuwa ki ɗaura ta a kan salla, ba a kan agogo ba: bayan asuba, ko bayan la'asar, ko bayan isha. A zafin Maris da Afrilu na Gombe safiya ce kawai ke da daɗi, a hunturu kuma sai hantsi ya ɗaga jiki ya saki. Da azumi a rage tsawon darasi, a mayar da shi bayan asham. Minti 10 ya isa mafari, kuma wadda ta yi fashin kwana uku a tarbe ta da "sannu da dawowa", kada a ƙirga mata kwanakin.

Play Store ba abin gaggawa ba ne. Rajista dala 25 ce sau ɗaya, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai an yi gwajin mako biyu da wasu mutane kafin a bar shi ya saki manhaja.

Aikin wannan makon ba ya buƙatar ko layi ɗaya na Flutter. Ɗauki darasi guda a matsayin saƙon murya na WhatsApp, ki kunna wa Mama da maƙwabtanta biyu, ki koma gefe ki yi shiru da biro a hannu. Duk inda ɗayarsu ta ɗago kai ta ce "wace ƙafar?", ki rubuta minti da daƙiƙar, ki sake wannan jimlar. In kin yi zagaye uku, turo mini muryar in saurara.