Amsa ga malamin da ya tambayi yadda zai jera yaransa a gudun miƙa sanda na mita 400

Wa alaikumus salam, Malam. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce kana da yara huɗu masu gudun mita 400 a makarantarku, kana so ka haɗa su a gudun miƙa sanda, kana neman sanin wa zai fara wa zai rufe, da kuma ko nuna musu bidiyon gasar matasa ta duniya zai amfane su ko ɓarnar data ce kawai. Na daɗe ina gem masta kafin in yi ritaya, kuma a duk wasannin fili babu wanda ya kwanta min a rai kamar wannan gudun, saboda haka a yi haƙuri da tsawon amsar.

Ka nuna musu, kuma na matasan za ka nuna, ba na manya ba. Manya sun goge, da wuya ka kama kuskurensu. Su kuwa 'yan ƙasa da shekara 20, waɗanda aka fara yi wa gasar duniya a Atens a 1986, irin kuskuren da yaranka za su yi shi suke yi: wani ya fita da wuta ya mutu a mita 300, wani ya tsaya a gurbin da ba nasa ba, wani ya riƙa laluben sanda. Nemo musu na Nairobi na 2021, a filin Kasarani, inda Botswana ta ci zinare da minti 3 da daƙiƙa 5.22, Jamaika ta biyo, Kenya ta zo ta uku. Amurka ba ta je ba a shekarar saboda korona, amma ko tana nan ba kullum take kwashewa ba, don a Tamfere ta ƙasar Finland a 2018 Italiya ce ta sha gabanta. A Nairobin nan ma yaranmu na Najeriya sun ci zinare a na haɗakar maza da mata.

Maganar jeri kuwa, yawancinmu mukan ajiye gwani a ƙarshe, sauran ukun a watsa su yadda aka ga dama. A nan ake faɗuwa. Na farko shi kaɗai ke tashi daga durƙushe, kuma a layinsa zai zagaye fili gaba ɗaya, da wuya ya san ko yana gaba ko yana baya. Ka sa yaro mai sanyin kai, wanda bindiga ba ta razana shi, wanda ya san ma'aunin ƙarfinsa. Na biyu shi ne mai aikin wahala. Zai ci kwana ɗaya a layinsa, sai ya wuce alamar da aka sa a farkon miƙaƙƙen baya sannan a yarda ya shigo ciki, kuma a wurin kowa ke neman layi na ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. Wannan gurbin na mai jiki ne da zuciya. Ni sau da yawa a nan nake sa yarona mafi gudu, domin in muka fita daga cunkoso tun da wuri, miƙa sandar da ta rage cikin sarari za a yi ta. Na uku, sa wanda ya fi rauni amma ba ya karaya. Na huɗu ba lallai ya fi kowa lokaci ba. Nemi wanda ba ya jure ganin ƙeyar wani a gabansa.

Akwai dokar da ke cin yara, ka koya musu tun yanzu. Masu karɓa na uku da na huɗu, alƙali ne ke jera su daga ciki zuwa waje, gwargwadon yadda abokansu suka wuce alamar mita 200. Da an jera ka, ka zauna a gurbinka ko da naka ya tsere wa kowa daga baya. Ka sauya wuri, a kore ku duka. Wurin miƙawa mita 20 ne, kuma inda sanda take ake dubawa, ba inda ƙafa take ba. In ta faɗi, wanda ya yar da ita shi zai ɗauka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wanda na koya da ciwo. Wata shekara a gasar makarantu ta jiha, muna kan gaba, yarona na biyu ya shigo miƙaƙƙen ƙarshe kansa ya koma baya, baki buɗe, ƙafafu kamar an ɗaura musu buhun siminti. Na ukun, da ya saba da na mita 100, ya juya baya ya fita a guje, hannu a miƙe ba ya waiwaye. Wanda ya gaji ya yi ta miƙo sanda yana kiran sunansa da muryar da ba ta fita, har suka wuce farar ƙasar da aka zana. Aka ɗaga jar tuta. Yaron ya kwanta a ciyawa yana kuka, sandar na hannunsa. Laifina ne, domin kullum da sabon ƙarfi nake sa su gwada miƙawa. Daga ranar ban ƙara bari a taɓa sanda ba sai mai kawowa ya ci mita 300 tukuna. A wannan gudun mai karɓa ne ke da alhaki: ya juyo yana kallon ɗan'uwansa, ya auna gajiyarsa, ya tashi daidai da saurin da ya ga ya rage masa, ya karɓe sandar da hagu, ya mayar dama. Karɓewa ake yi, ba jira a ba ka ba.

Sannan kada ka raba su bayan intahaus. Dubi Botswana. Biyu daga yaransu da suka ci zinare a Nairobi, Anthony Pesela da Busang Kebinatshipi, su ne suka tsaya tare da Letsile Tebogo da Bayapo Ndori a Olamfik na Faris a 2024, suka ci azurfa, tsakaninsu da Amurka kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A 2025 a Tokiyo, cikin ruwan sama, Kebinatshipi ya rufe gudun suka ɗauke zinaren duniya. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba! Mu ma 'yan Najeriya mun san hanyar nan a Olamfik: tagulla a Los Anjalas a 1984, zinaren Sidni na 2000 da aka dawo mana da shi bayan shekaru, lokacin Sunday Bada, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi gudun, ya riga ya rasu, sai tagullar Atens ta 2004 da Musa Audu ke ciki. Abin da ke min zafi shi ne yadda muke haɗa yara mako biyu kafin gasa, a watse washegarin ta. Kuma don Allah ka rubuta shekarunsu na gaskiya tun yau. Yaron da aka rage wa shekaru yakan haska a matasa, ya shiga manya a neme shi a rasa.

In ba ku da sanda, a yanko bututun roba na famfo, tsawon santimita 30, a goge bakinsa kada ya yanki hannu. Ka auno lokacin kowanne a mita 400, da kuma a mita 300, ka turo nan mu duba tare. Allah Ya ba yaran sa'a.