Hukuncin Shiga Kasuwar Kirsimeti Ga Musulmi Mazaunin Jamus

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan unguwar Aboabo ne da ke Kumasi, shekarata biyu ke nan a Hamburg da iyalina. Tun ƙarshen Nuwamba gari ya cika da fitilu, an kafa rumfunan katako ana ta ciniki. Abokan aiki na gayyatata, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo mana biskit ɗin da ta gasa da hannunta, yara kuma sun dawo daga makaranta suna cewa a ajiye musu takalmi a bakin ƙofa. Ina iyakata?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka taka. Abin da ka gani a can bai yi nisa da abin da ka baro a Kumasi ba. Ka san yadda maƙwabtanmu Kirista ke aiko mana da shinkafa ranar Buronya, wato Kirsimeti, mu kuma mu kai musu nama da layya. Sai dai a nan kana da zango da masallaci a bayanka, a can kuwa kai ne zangon 'ya'yanka.

Asalin magana shi ne idi yanki ne na addini. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna da kwana biyu na wasa, sai ya ce Allah ya musanya musu da mafi alheri, wato ƙaramar salla da babba. Don haka ba za ka shiga coci domin ibadarsu ba, ba kuma za ka kafa itacen Kirsimeti a ɗakinka ba. Ajiye takalmi ma al'adar ranar 6 ga Disamba ce, don tunawa da wani waliyyinsu mai suna Nikolaus, inda ake zuba wa yara alewa a cikin takalmin. Ka bar ta. Amma kada yaro ya wayi gari abokansa na nuna alewa shi hannu rabbana. Ka saya musu a wata ranar, in salla ta zo kuma ka raya ta sosai, da sabon ɗinki da barka da salla da tuwo, ko da ta faɗo ranar aiki.

Kasuwa kuwa hukuncinta daban. An tambayi Imamu Ahmad game da kasuwannin da ake ci a Sham lokacin bukukuwan Nasara, ya ce in kasuwar kawai Musulmi ke halarta, ba su shiga wuraren ibadarsu, babu laifi. Ka je ka sayi safar hannu, ka ci gasasshen almon, ka nuna wa yara fitilu. Hattara da abu biyu. Abin shan nan mai tururi da ƙamshin kanumfari da kirfa da za ka ga kowa ya rungume da tafukan hannu, wanda suke kira Glühwein, giyar inabi ce aka ɗumama, kuma ɗumin bai fitar da ita daga haram ba. Akwai na yara marar giya, ka tambaya da bakinka kafin ka karɓa. Tsiran da ake gasawa kuma galibi naman alade ne.

Liyafar wurin aiki ta fi wuya, domin Tirmizi ya ruwaito hani ga mumini ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. In akwai gefen da babu kwalba, ka zauna can, ka gaisa, ka ci halal, ka yi sallama da wuri. In babu, ka ba da uzuri cikin mutunci.

Biskit ɗin tsohuwa ka karɓa da hannu biyu, bayan ka tabbata ba a sa masa giya ba. An ruwaito cewa wata mata ta tambayi Nana A'isha game da kyautar Majusawa ranar idinsu, ta ce kada a ci abin da aka yanka domin ranar, amma a ci 'ya'yan itacensu. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ma ta halatta kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. Mace ta tsaya gaban murhu da tsufanta ta tuna da ku, ba a mayar mata da faranti wayam. Ka share mata ƙanƙara a ƙofa, azumi in ya zo ka aika mata da ƙosai.

Taya murna akwai saɓani. Ibnul Ƙayyim ya haramta, haka malamai da dama, yayin da Majalisar Fatawa ta Turai, wadda aka kafa a 1997, ta halatta gaisuwar da ba ta ƙunshi yarda da aƙidarsu ba. Abin da nake ba ka shi ne ka yi musu fatan hutu lafiya da shekara mai alheri, ka ga ka fita daga saɓanin.

Sai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi damuna. A Disamba rana na fitowa a Hamburg wajen takwas da rabi, ta faɗi wajen ƙarfe huɗu. Azahar da la'asar da magariba duk suna iya wucewa kana bakin aiki. Ka riƙe jadawalin masallacin da ke kusa da kai, ka daidaita hutunka da shi, kuma ka sa safa a kan alwala tun daga gida. Malikiyya sun taƙaita shafa ga huffin fata, Hanbaliyya sun halatta a kan safa mai kauri, kuma a irin wannan sanyi ban ga laifinka ba in ka bi su.

Allah ne mafi sani.