Amsa ga mai tambaya kan zuwa Busan

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce taro zai kai ka Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, za ka samu 'yan kwanaki a hannu, kana tambaya ko a je Busan, birnin da ke bakin teku a kudancin ƙasar, kuma ya batun abinci da sallah. Ka je, in sha Allahu ba za ka yi da-na-sani ba.

Jirgin ƙasa mai gudu na KTX zai ɗauke ka daga tashar Seoul zuwa Busan cikin kamar awa biyu da rabi. Ka sayi katin T-money, da shi ake shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ka kuma sauke Naver Map a waya, don Google Maps ba ya nuna hanya yadda ya kamata a can.

Abinci ne inda nake so ka buɗe ido. Abincin da Busan ta yi suna da shi, dwaeji gukbap, romon naman alade ne da shinkafa, kuma har taliyarsu mai sanyi, milmyeon, sau da yawa da romon alade ake haɗa ta. Kada ka yarda da ganin ido, ka tambaya. Ni kasuwar kifi ta Jagalchi ce ta rufa min asiri. A ƙasa matan da ke sayarwa suna tsaye da dogayen takalman roba, ruwa na malala a daɓe, kifi na iyo a kwandon ruwa. Ka nuna wanda kake so, su ciro shi da ransa, ka hau sama a gasa maka ko a dafa. Za a yi maka tayin ɗanye ma, ba dole ba ne ka karɓa.

Masallaci akwai: Al-Fatah, an buɗe shi a 1980, kusa da tashar Dusil a Layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ranar Juma'a za ka tarar da 'yan Indonesiya da Pakistan da Uzbekistan, kuma akwai wuraren cin abinci na halal a kusa.

Wajen yawon buɗe ido kuwa, bakin tekun Haeundae cike yake da jama'a lokacin zafi. Na fi son bakin tekun Gwangalli da daddare, in an kunna fitilun gada. Gamcheon kuwa, wata unguwa ce a kan tudu da masu yawon buɗe ido ke zuwa, masu gudun hijirar yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 na cikin waɗanda suka cika tudun da gidaje, kuma har yau mutane na zaune ciki, don haka ka rage murya, kada ka leƙa ƙofar kowa da kyamara. Ka sa takalmi mai daɗin tafiya, hawa ne sosai.

Idan da hali ka guji ƙarshen Yuni zuwa Yuli, lokacin ruwan sama ne mai yawa. Oktoba ta fi daɗi.