Maganar fostar da na cire a bangon shago

Ɗana na ga saƙonka, kuma gara da ka tambaya a kan kumbure-kumburen da ka yini kana yi jiya a kan keken ɗinki. Ka ce me ya sa na cire fostar ɗinkin mata da ka sayo a kasuwar Terminus ta nan Jos da kuɗinka, alhali ranar Talata wata madam daga Rayfield ta nuna min irin rigar a wayarta, baya a buɗe har ƙugu, na karɓi aikin ban ce uffan ba. Ka ce kamar baki biyu ne.

Ba baki biyu ba ne. Rigar madam ita ta zaɓa, ita za ta sa, kuma inda za ta je da ita ba wanda zai ɗaga kai ya kalla don sun saba. Amma bango duk wanda ya shigo sai idonsa ya faɗa kai ko yana so ko ba ya so, kuma ka san waɗanda ke shigo mana, Hajiya daga Anguwan Rogo da nikabinta, matan zumunta na coci da suka kawo yunifom, ɗan makarantar allo da aka aiko karɓar kaya, duk benci ɗaya suke zama.

Ni ma na taɓa yi ai. Ina sabon buɗe shago na yanko hotuna daga wata mujallar Legas na cika bango da su ina jin ni ne ɗan gayu, sai ga wata dattijuwa da 'yarta da za a aurar, jaka biyu cike da atamfa da leshi, ɗinkin amarya da ankon ƙawaye gaba ɗaya. Ta aje jaka ɗaya a kan tebur, ta ɗaga kai ta ga bangon, sai kawai ta sa hannu ta juyar da fuskar yarinyar, ta ɗauki jakarta ta ce bari su je su dawo. Wallahi ko faɗa ba ta yi min ba, kuma ban sake ganinta ba. Na daɗe ina jin kunyar wannan hannun da ta sa a fuskar 'yarta fiye da zafin kuɗin da na rasa.

Kuma kar ka ɗauka maganar tsiraici ce kawai, ko tsakanin Musulmi da Kirista. Mu kanmu Musulmi fa ba ra'ayinmu ɗaya ba. Ɗan ɗarika zai rataya hoton Shehu Ibrahim Inyass a shagonsa don ƙauna, zuciyarsa fes, wani kuma ya shigo ya ga bai dace ba sam, ka tuna Izala a nan Jos aka kafa ta a 1978, to duka ɓangarorin kwastomominmu ne. Akwai wanda ko hoton mahaifinsa ba ya ratayewa saboda hadisin da ke Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto. Inyamurin da muke sayen zare da zif a wurinsa kuwa kalandar cocinsu ce a saman kansa, shekara nawa muna ciniki ban taɓa jin ta dame ni ba, shagonsa ne, kuma minti biyu nake yi in fito. Mu kuwa mace kan zauna mana rabin awa ana awo ana zaɓen ɗinki, wani lokaci mijinta na tsaye a bakin ƙofa yana ƙare wa ko'ina kallo.

Mutum-mutumin da muke sa wa kaya ma da ka ga ba shi da kai, ba karyewa ya yi ba, haka na saye shi. A 2021 Hisbah ta Kano ta hana teloli da masu butik aje mai kai, mu a Filato ba wannan dokar, amma mara kan yana nuna faɗuwar riga daidai kuma ba wanda ya taɓa yamutsa fuska a kansa.

Fostar 'yan siyasa kam ko a ƙofa kar ka bari a manna, ko an ba ka kuɗin liƙi. Kana ƙarami lokacin rikicin Nuwamba 2008 da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, mu da muka gani ba ma wasa da abin da zai sa a yi wa shago shaida.

Fostarka tana cikin durowa ban yaga ba, kuma ɗinkunan ciki masu kyau ne, musamman yankan hannun nan na layi na biyu, idonka ya fara buɗewa. Gobe ka yanka su ɗaya-ɗaya ka sa a albam, wadda ta ce a nuna mata irin su sai ka miƙa mata ta duba da kanta. In za ka ɗora aikinmu a WhatsApp kuma a jikin mutum-mutumi za ka ɗauka, ban da jikin matar mutane. Ka zo da wuri, akwai maɓallan kaftani uku da ba a sa ba kuma mai su ƙarfe goma zai zo.