Filin Masu Karatu: Me ya sa Poirot na talabijin ya saɓa wa na littafi?

Tambaya: Na karanta littattafan Agatha Christie, sannan na kalli shirin Poirot, mai binciken laifuka da ta ƙirƙira, na tashar ITV ta Birtaniya, sai na ga an sauya abubuwa da yawa. Rashin amana ne daga masu shirin? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malama, yawanci larura ce. Shirin da David Suchet ya fito a matsayin Poirot daga 1989 zuwa 2013 ya ƙunshi finafinai guda 70. Gajerun labarai suna cin kusan minti 50, dogayen littattafai kuma minti 90 zuwa 100. A ƙa'idar masu rubutun fim, shafi ɗaya yana ɗaukar kamar minti ɗaya a allo, don haka dole a rage waɗanda ake zargi, ko a haɗe mutum biyu su koma ɗaya. Gajeren labari kuwa ƙari yake bukata, shi ya sa za ki ga abokan hulɗar Poirot, wato Hastings da Japp da Miss Lemon, a labaran da marubuciyar ba ta sa su ba.

Babbar matsalar ita ce kyamara. Marubuci yana iya cusa alamar da za ta tona asirin mai kisa a tsakiyar jerin kayan da ke kan tebur, mai karatu ya wuce bai lura ba. Kyamara in ta tsaya a kan abu na daƙiƙa biyu, mai kallo ya gane da magana. In kuma ba a nuna shi ba, ranar da Poirot ya tara mutane yana warware zance sai mai kallo ya ji an cuce shi. Ɓad-da-kama ya fi wuya: fuskar ɗan wasa sananniya ce, sai a koma ga ɗauka daga nesa, da hula, da rage haske, kuma yawan ɓoyewar ma tona asiri ne.

Wanda bai karanta littafin Christie na 1926, The Murder of Roger Ackroyd, ba ya tsallake nan. Dabarar littafin duk tana bakin mai ba da labarin, wanda ke rufe wasu abubuwa. A fim ɗin ITV na shekarar 2000 sai aka mayar da labarin wani kundi da Poirot ke karantawa. A ganinmu, armashin ya ragu sosai.

Tambaya: Wanne ya fi bin littafi sau da ƙafa? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ka nemi Miss Marple, wata mai bincike a littattafan Christie, shirin BBC wanda Joan Hickson ta yi daga 1984 zuwa 1992, duk littattafai 12 aka ɗauka. Sai Sherlock Holmes, wanda labarin Arthur Conan Doyle ne, shirin kamfanin talabijin na Granada da Jeremy Brett ya fito a ciki, finafinai guda 41 daga 1984 zuwa 1994. Ka fara da na farko-farko, domin a na ƙarshen rashin lafiyar Brett ta bayyana, an kuma ja wasu gajerun labarai har suka yi tsawon da bai dace da su ba.